Igiya a Damtse, Anini a Kafaɗa: Lacca kan Muƙaman Sojan Zamanin Turawa

(Wannan laccar wani dattijon malaminmu ne ya gabatar da ita da yamma a wani zauren taro, na naɗa a waya na zauna na rubuta kamar yadda ya faɗa, inda hayaniya ta yi yawa kawai na tsallake.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, musamman mazan jiya da na hango da lambobinsu a ƙirji, Allah ya ƙara girma. Malamai 'yan uwana, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Kafin in ce komai bari in nuna muku wani abu. (Ya ciro wani tsohon ƙyalle daga aljihun gaba ya ɗaga.) Wannan igiya uku ce, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, saje ne shi, da ita ya dawo daga yaƙin Boma, wato ƙasar Myanmar ta yau, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma tun muna yara tana cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa tare da lambobinsa da wani hoto guda ɗaya, ba mai taɓa akwatin nan sai shi, in ya buɗe kuwa sai ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Ku dube ta da kyau, ƙyalle ne kawai da aka ɗinka kamar bakin kibiya yana kallon ƙasa, guda uku a jere, amma mutum ya ba da ƙuruciyarsa kaf kafin a ɗinka masa ita a hannun riga.

To ni abin da ya kawo ni yau kalmomi biyu ne da kowa a nan ya sani, igiya da anini. Muna cewa wane mai igiya biyu ne, wane mai anini uku ne, har yau a rediyo haka ake faɗa. Igiya a damtse take, anini a kafaɗa. Kowa ya taɓa damtsensa yanzu, sannan ya taɓa kafaɗarsa, nawa ne tsakaninsu? Bai wuce taƙi ɗaya ba. To wallahi wannan taƙi ɗayan sai da baƙin mutum a ƙasar nan ya yi shekara 85 kafin ya haura shi, daga 1863 zuwa 1948, kuma labarin haurawar nan shi nake son mu bi.

A 1863 wani hafsan jirgin ruwan Ingila mai suna Gulba, wato John Glover, wanda ke riƙe da Legas a lokacin, ya tara wasu 'yan tsirarun mutane masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ba su bindiga ya koya musu fareti, aka riƙa ce musu Hausawan Gulba. Daga nan sojan Najeriya ke kirga asalinsa har gobe. An kai su yaƙin Asante, a ƙasar Gana ta yau, a 1873 da 1874, Turawa suka ga aikinsu suka yaba, daga nan fa duk inda Bature ke neman soja a yammacin Afirka sai ya ce a nemo masa Bahaushe, ko da kuwa mutumin Babarbare ne ko Banufe ko Bazabarme ko Bagurunshe, in dai daga arewa ya fito kuma yana jin Hausa to sunansa Hausa. A 1897 aka ba Lugga aikin kafa runduna ta sosai, a 1900 aka haɗa duk 'yan ƙananan rundunonin nan a ƙarƙashin suna ɗaya, rundunar tsaron iyakar yammacin Afirka, WAFF, akwai ta Najeriya ta Arewa da ta Kudu waɗanda aka haɗe a 1914, akwai ta Gwalkwas wato Gana ta yau, akwai Saliyo da Gambiya. A 1928 Sarkin Ingila ya ƙara mata sunan sarauta ta zama RWAFF. Harshen bariki Hausa ne, Baturen da aka turo dole ya koye ta, har ma taken rundunar Gwalkwas da Hausa yake, Kullum Shiri, ku ji fa, a Akara da Kumasi.

Yanzu ku rufe ido ku hango sojan nan ranar babban fareti. Jar dara a kai da 'yar bazarta, a gaban darar akwai lambar tagulla mai siffar itacen kwakwar manja, ita ce alamar rundunar gaba ɗaya. Rigar kaki da gajeren wando, a kan rigar an ɗora wata 'yar jar riga kamar falmaran mai cin baki rawaya, ga jar ɗamara a ƙugu, ga naɗin ƙyalle daga idon sawu zuwa gwiwa. Masu igwa tasu falmaran ɗin shuɗiya ce. A ƙasa kuma? Ƙafa tsirara. Shekaru masu yawa haka sojan nan ya yi fareti ya yi yaƙi ba takalmi, Bature na gefe da nasa takalmin yana ƙyalli. Don haka tun kafin ka duba hannu ko kafaɗa, in ka dubi ƙafa ka riga ka san waye babba.

To sai mu hau tsanin igiya. Yaro ya zo bariki, a ce Zariya inda ake horar da sabbin shiga tun 1924, sunansa kurtu, ba shi da komai. Ya gama horo ya zama farabiti, hannunsa fayau. In Allah ya taimake shi aka ga yana da kai kuma muryarsa na fita, sai a ba shi igiya ɗaya, las kofur kenan, kuma wannan igiya ɗayan aro ce, kwamanda na iya cire ta da safe ɗaya in ya ga dama. Igiya biyu kofur, shi ke riƙe da 'yan mutane kamar goma, da su yake kwana da su yake tashi. Igiya uku saje. In aka ɗora kambi a saman igiya ukun to ya ƙara gaba, shi ne yawanci ke kula da kayan kamfani, abinci da barguna da harsashi. Ingila ta fara amfani da wannan igiya tun 1802, kuma tasu ƙasa take kallo, ta Amurka da kuke gani a talabijin sama take kallo, kar ku rikita su.

Ku lura da yadda bakin kakanninmu ya sarrafa kalmomin nan, kurtu, farabiti, kofur, saje, samanja, hafsa, duk daga Turanci suke amma an tauna su an mai da su namu, har suka zama sunan mutane, akwai unguwar da ba ta da wani Baba Saje ko Baba Kofur? Mutum ya bar soja shekara arba'in amma igiyarsa na biye da shi har kabari. Amma ita kalmar igiya ba aro ba ce, su suka duba abin da idonsu suka raɗa masa suna.

Sama da saje sai samanja, kuma a nan nake son in ɗan daɗe. A tsarin Ingila daga 1915 samanja hawa biyu ne, na kamfani yana sa kambi shi kaɗai a ƙasan hannun riga kusa da wuyan hannu, na bataliya gaba ɗaya kuma yana sa tambarin masarautar Ingila, mai zaki da wani doki mai ƙaho ɗaya, in rigar mai gajeren hannu ce sai a ɗaura alamar a wuyan hannu da madaurin fata kamar agogo. A rundunarmu ta nan kuma manyan nan baƙar fata ana ƙara musu ado na zare rawaya a gaban jar falmaran ɗin, tun daga nesa ka san shi, ga sanda a hammata. Samanjan bataliya shi ne uban bariki. Faɗan miji da mata a layin soja gabansa ake kaiwa, wanda ya ci bashi ya ƙi biya gabansa, wanda za a kai gadurum ta hannunsa zai bi, Baturen kwamanda in yana son ya san abin da ke cikin zuciyar mutum ɗari bakwai ko takwas da ke ƙarƙashinsa ba shi da wata ƙofa sai samanja. Hafsoshi Turawa zuwa suke su yi 'yan shekaru su koma, zazzaɓi ya kwantar da wasu, shi kuwa samanja yana nan shekara ashirin talatin, shi ya san wane ƙauye ake samun ruwa, wane yaro ne zai tsaya in wuta ta yi wuta. To amma duk girman nan, alamarsa a hannu take. Nan tsanin ya ƙare wa baƙin mutum.

Mu koma kafaɗa. 'Yan yara a nan ba ku san anini ba, kuɗi ne, mafi ƙanƙanta a kuɗin Turawa, anini goma ne kobo ɗaya, kobo 12 sule, sule 20 fam. An fara buga shi a 1907, yana da huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida. A ganina shi ya sa da sojanmu ya ga ɗan ƙaramin tauraron ƙarfe yana walƙiya a kafaɗar Bature, girmansa kusan ɗaya da kuɗin da ke aljihunsa, sai ya ce ai anini ne. Shi wannan tauraron a wajen Ingila an kwaikwayo shi ne daga wata tsohuwar lambar girma tasu da ake kira Bath, in ka duba tsakiyarsa da kyau za ka ga 'yan ƙananan kambi uku. Anini ɗaya ƙaramin laftana, biyu laftana, uku kyaftin, haka yake tun 1902, kafin nan ƙaramin laftana ba ya sa komai, laftana ɗaya kyaftin biyu. Manjo ya ajiye anini ya sa kambi. Laftana kanar kambi da anini ɗaya, shi ne mai bataliya. Kanar kambi da biyu, birgediya kambi da uku. Daga manjo janar kuma sai takobi da sanda a gicciye su shigo.

Wani zai ce Malam ai na ga hoton yaƙin duniya na farko hafsa da aninai a bakin hannun riga. Gaskiya ne, a kayan sanyi da suke sawa a Turai daga 1902 a nan suke sawa, sai da aka shiga ramukan yaƙi a Faransa maharban Jamus suka riƙa gane hafsa daga nesa suna ɗauke shi, hafsoshin da kansu suka fara mayar da su kafaɗa, a 1917 aka yarda a hukumance, a 1920 aka soke na hannun gaba ɗaya.

To me ya raba igiya da anini? Takarda. Mai igiya kwamandansa ne ya ba shi, mai anini kuwa yana da takardar naɗi da sunan Sarkin Ingila, shi ya sa ake sara masa, a ƙa'idarsu takardar ake sara wa ba mutumin ba, shi ya sa kuma ba a sara wa saje komai tsufansa. Wannan takardar ce aka hana mu. A farkon zamani a Gwalkwas da Legas an yi wani muƙami na hafsan 'yan ƙasa, amma yana ƙarƙashin kowane Bature kuma daga baya ma aka kashe shi. A Indiya sun bar wani hawa na tsakiya, jamadar da subedar, a gabashin Afirka akwai afandi, shi ne muƙamin da Idi Amin na Uganda ya riƙe a 1959 kafin ya zama laftana a 1961. Mu a nan daga samanja sai bango.

Kuma abin bai tsaya nan ba, nan ne ma wajen da ke min ciwo. A kowace bataliya akwai Turawa masu igiya, saje-saje da aka turo daga Ingila, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu yana gaba da baƙin soja komai muƙaminsa. Mahaifina ya ba ni labari sau ɗaya tak, da daddare muna zaune a ƙofar gida, ya ce a hanyarsu ta zuwa Boma an kawo musu wani yaro Bature mai igiya uku irin tasa sak, ko gemu bai fara ba, bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba, shi ya koya masa zo da tafi da kwanta da tashi, shi ya nuna masa yadda ake cire matsattsaku daga ƙafa a daji, shi ya hana shi shan ruwan da zai kashe shi, amma da safe in an fito shi ne zai ƙame a gaban yaron yana karɓar umarni, albashin yaron ya ninka nasa sau da yawa, wajen cin abincinsu daban. Ya ce min yaron ba mugu ba ne, har kuka ya yi ranar da suka rabu. Ya ce amma igiyarsa da tawa zare ɗaya ne, tela ɗaya ma zai iya ɗinka su, nauyinsu ne ba ɗaya ba. Daga nan ya yi shiru, bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don in na ɓoye na ci amanar ilimi. Waɗannan masu igiyar su aka yi amfani da su aka ci ƙasarmu. Rundunar da Kanar Morland ya taso da ita daga Zariya ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, baƙaƙen soja ɗari bakwai da wani abu ne, Turawan cikinta ba su kai hamsin ba. Ranar 15 ga Maris suna Sakkwato, a watan Yuli suna Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wanda ya riƙe bindigar da Hausa yake magana. Shi ya sa shekaru da yawa a birane irin Kano da Katsina da Sakkwato ɗan mutunci ba ya shiga soja, uwa ta gwammace ɗanta ya yi dako da ya sa jar dara, kalmar ɗan bariki ma kun san abin da take nufi a bakin mutanenmu. Wannan ƙyamar tana da dalili, amma ita ce kuma ta zo ta cuce mu daga baya, don lokacin da aka buɗe ƙofar anini sharaɗin farko ilimin boko ne da Turanci, masu igiyarmu jarumai ne amma mafi yawansu ba su shiga aji ba, waɗanda suka shiga ajin kuma iyayensu ba sa son su sa kaki.

Yaƙin duniya na biyu ne ya fara tsaga bangon. A 1942 wani malamin makaranta ɗan Gwalkwas, Seth Anthony, ya samu takardar naɗin nan, ya je Boma ya dawo da muƙamin manjo. A Najeriya sai 1948 aka naɗa Louis Ugboma, a 1949 Wellington Bassey da Aguiyi Ironsi da Samuel Ademulegun, waɗannan ukun duk daga cikin masu igiya suka hauro.

Yanzu ku ba ni hankalinku, ga mutum biyu, shekara ɗaya. Na farko Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja ne a wajen Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a yaƙin farko, a 1917 ya shiga rundunarsu, ya hau tsanin igiya hawa hawa har ya zama samanjan bataliya ta uku, ya daɗe a kai fiye da shekara ashirin, ya yi yaƙin Habasha da Italiya aka ba shi lambar jarumta, ya je Boma aka ƙara masa wata. A 1953 ya ajiye aiki bayan shekara 36, kuma a wajen sallamarsa ne aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Anini uku kenan suka hau kafaɗarsa lokacin da ba zai ƙara ba kowa umarni da su ba. Na biyu Zakariya Maimalari, shi ma daga ƙasar Barno, yaro ɗan makarantar Barewa, a wannan shekarar dai ta 1953 ya fito daga Sandhurst, makarantar hafsoshin Ingila, shi da Umar Lawan, su ne 'yan Najeriya na farko da suka fito daga can. Anini ɗaya tak a kafaɗarsa, amma nasa na aiki ne, Baturen saje dole ya ƙame ya sara masa. Ni duk lokacin da na tuna 1953 wannan nake gani, tsoho na fita da uku na ado, yaro na shiga da ɗaya na gaske, kuma ba don tsofaffin nan sun riƙe rundunar shekara da shekaru ba da yaron bai tarar da abin da zai jagoranta ba. Maimalari ya kai birgediya kafin a kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Allah ya jiƙansa. Yau barikin Lokoja sunan Maigumeri yake ɗauke da shi, na Maiduguri sunan Maimalari.

Bayansa su Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Pam da Yakubu Gowon suka biyo, amma har farkon 1960 mafi yawan hafsoshi Turawa ne, kuma Bature ne ke shugabancin sojan Najeriya har 1965 da Welby-Everard ya miƙa wa Ironsi. Da muka zama jamhuriya a 1963 kambin Sarauniya ya sauka, mikiya ta hau gurbinsa, shi ya sa manjonmu na yau mikiya yake sawa, amma lissafin bai canza ba, in ka san na da ka san na yanzu.

'Yan uwanmu na Nijar su tsarin Faransa suka gada, a can hafsa ba tauraro yake sawa ba, 'yan sanduna ne na zare mai ƙyalli da Faransawa ke kira galon, ɗaya ƙaramin laftana, uku kyaftin, huɗu kwamanda wato daidai manjonmu, biyar kanar, tauraro sai janar kuma daga biyu yake farawa. Don haka in ka ga soja a Maraɗi ko Damagaram kar ka ce za ka ƙirga masa anini.

Bari in tsaya nan a yi tambaya kafin magariba.

(Wani ɗalibi ya miƙe.) Allah ya gafarta Malam, kafin zuwan Turawa mayaƙanmu ba su da alamar muƙami ne?

Suna da ita ɗana, sai dai ba a ɗinka ta a hannun riga. Babbar alama a jihadin Shehu Usmanu tuta ce, wanda aka ba tuta an ba shi izinin yaƙi da jagoranci, Modibbo Adama, Malam Yakubu na Bauchi, Buba Yero na Gombe, Ummarun Dallaje na Katsina, Malam Musa na Zazzau, in ka duba da kyau aikin da tutar ke yi shi takardar naɗin Bature ke yi, izini ne daga sama. Sannan ga sarautun yaƙi, Madawaki, Sarkin Yaƙi, Barde, Jarmai, Sarkin Baka, ana gane mutum da rawaninsa da alkyabbarsa, da lifidin dokinsa da sulkensa da gashin jimina a kwalkwali, da irin kiɗan da ke binsa, don ba kowa ake busa wa kakaki ko a kaɗa wa tambari ba. Namu da ido da kunne ake karanta shi, kuma yana tafe da sunan gidan mutum. Na Bature ƙirge ne, ɗaya biyu uku, ko ba ka san uban mutum ba ka san matsayinsa, kuma wannan ne ya ja bayi da 'ya'yan talakawa zuwa bariki tun farko, wuri ne da wanda ba shi da kowa zai iya zama saje.

(Wani dattijo daga cikin mazan jiya ya yi magana, muryarsa ba ta fito sosai a naɗin ba, yana cewa a gaya wa yara bambancin igiyar muƙami da igiyar hali.)

Ranka ya daɗe Baba Samanja, na gode da ka tuna min, ai ku ne masu abin. Jama'a ku ji, wannan zai amfane ku in kun koma gida kun buɗe akwatunan kakanninku. In ka ga igiya a damtse tana kallon ƙasa, muƙami ne. In ka gan ta can ƙasa kusa da wuyan hannun hagu tana kallon sama, wannan ta kyawun hali ce, ana ba farabiti ko las kofur da ya yi shekaru ba a kama shi da laifi ba, mutum na iya tara ta da yawa alhali bai taɓa ba kowa umarni ba, na sha ganin iyali suna cewa kakanmu saje ne saboda sun ƙirga uku, alhali ta hali ce, kuma ita ma abin alfahari ce. Sannan ku duba can saman hannun riga dab da kafaɗa, in hoton na yaƙin Boma ne. In kun ga baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle rawaya, runduna ta 81 ce, su ne suka bi kwarin kogin Kaladan, kuma Gizon nan na tatsuniya ne, wanda mutanen Asante ke kira Ananse. In kun ga mashi biyu a gicciye a kan gammo, gammo dai na ɗaukar kaya, runduna ta 82 ce, an sa shi ne saboda dubban mutanenmu da suka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa kuke jin barikin Myohaung da na Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga yaƙin can aka samo sunayen. Na mahaifina gammo ne. Duk mai irin hoton nan a gida don Allah kar ya bari gara ta ci, ya ɗauke shi a waya ya zo min da shi mako mai zuwa mu karanta shi tare, mu ga igiya nawa ce, ina take kallo, gizo ne ko gammo.

An kira salla. Baba Samanja bismillah, ku za ku fara fita.